Fatakar Inna Suwaiba

Salamu alaikum 'yan uwa. Duk wadda ta san za ta yi min dariya ta yi tun yanzu ta gama, don in na shiga labarin ba na son a katse ni. Sunana Hafiza, shekarata ashirin da huɗu, ɗinki nake yi a tsakar gidanmu nan Ƙanƙara. Kuma eh, ni ce wadda aka ce muku tana bin tsofaffi gida-gida tana roƙon kuɗin da ba ya sayen ko ashana.

Da damina abin ya faro. Ɗakin kakata Inna Suwaiba, wadda ta haifi Babanmu, ya fara yoyo ta kusurwar gabas, Baba ya ce a fitar da kayanta kafin mai gyara ya zo. Tun da muka taso daga Mabai shekara uku da suka wuce, lokacin da zaman ƙauyen ya gagara, Inna ta zama wata iri. Matar da a da in ta fara labari sai tuwo ya kama a tukunya, ta koma daga "to" sai "Allah shi yi albarka". Ta wuni a kan tabarma da carbi tana kallon katanga. An kai ta asibiti, sun ce ba su ga komai ba, tsufa ne.

Ina jan tsohon adudunta sai gindinsa ya ɓalle, wani ƙulli ya faɗo ƙasa da nauyi. Tsumman saƙi ne, an naɗe shi da zare kamar ba za a sake kwancewa ba. Na kwance. Ƙarafa ne zagayayyu, wasu jajaye, wasu baƙi ƙirin, wasu da huji a tsakiya.

Na ce, "Inna, maɓallan wa kika ɓoye?"

Ta miƙo hannu. Ko kallo ba ta yi ba, yatsunta ne suka shiga lalube.

"Maɓallin gidanku," ta ce. "Wannan anini ne, goma nashi ke yin kwabo. Ga kwabon nan mai huji. Wannan mai kusurwa-kusurwa taro. Da taro guda nike sawo gishiri da daddawa a kasuwar Pauwa, har in ci ƙosai bisa hanya."

Wallahi sai da na zauna daɓas a ƙasa. Rabon da in ji Inna ta jera magana haka tun muna Mabai. Mama ta leƙo daga madafa da muciya a hannu, ta tsaya turus. Har aka kira azahar Inna tana magana. Ta ba mu labarin shekarar da aka canza kuɗi mutane suka ƙi karɓar sabon, da wani mai jaki da ya haɗiye sisi don kada matarsa ta gani. Da ta zo kan wata babba fara, sai ta damƙe ta.

"Wannan fataka ce, sule biyu. Kakanki Malam Mani ya ba ni ranar da ya fara tsayar da ni bakin rijiya. Ba a taɓa ta."

Washegari ni mai azanci na ɗauko toka da lemon tsami da soson ƙarfe, na dirje uku daga ciki har suka yi ƙyalli. Na ɗauki hoto na saka a wani zauren waya na masu son tarihin Katsina da nake ciki, na rubuta, "Wa ya san waɗannan?" Nan da nan aka cika ni. Wani ya ce Hajiya kin yi kuɗi, wani ya ce in turo lambata. Sai ga saƙo ɗaya daban.

"Salamu alaikum. Don Allah ki dakata da wankin nan. Baƙin da ke jikinsu shi ke kare su, kuma soson yana cinye rubutun."

Na ce a raina, ji mutum, ko ina kwana babu. Na rubuta masa, "Ai na kakata ne, ba naka ba."

Ya amsa, "Shi ya sa na ce don Allah."

Na daɗe ina kallon wayar. Sai na duba ukun da na wanke a hasken rana, na ga kuwa na yi musu zane-zane kamar gindin tukunya. Kunya ta kama ni.

Sunansa Abdulgafar. Malamin gona ne a Faskari, yana bin ƙauyuka kan harkar iri da taki, kuma shekara tara ke nan yana tara tsofaffin kuɗi. Shi ya fara koya min abin. Ya ce in riƙa kama su ta gefe, kada in ɗora yatsa a fuskar. In ƙasa ta manne, ruwa zalla, sai in shanya a kan ƙyalle mai laushi. Kada in zuba su cikin leda, gumi zai sa su yi kore. Ya ce kowanne in ɗauki hotonsa gaba da baya, in rubuta shekararsa a littafi, da inda na samo shi, da abin da mai shi ya faɗa a kansa.

"To nawa zan kashe in fara?" na tambaye shi.

"Ko sisi. Ki fara da na gida. In kin gama ki gaishe da tsofaffin unguwarku, ki zauna ki saurare su. Kada ki karɓi wanda mai shi ke so."

Na ɗinka wani dogon ƙyalle da ragowar shadda ruwan ƙasa, na yi masa 'yan aljifai talatin, kowanne da mazauninsa, ana naɗe shi kamar tabarma. Na Inna goma sha huɗu suka hau layin sama, ta ce a riƙa ajiye mata shi ƙarƙashin matashi. Cikin wata biyu na samu nawa guda tara. Wata tsohuwa mai ƙuli-ƙuli ta ba ni kwabo ashirin da biyar mai hoton dalar gyaɗa. Limamin masallacinmu ya aiko min da kwabon Turawa mai tauraro da rubutun Larabci a jiki. Duk wanda na kawo, Inna zan fara kai wa. Ta shafa, sai labari ya ɓalle. Ta koma cin tuwonta tas, har tsokanata take yi wai na fi ta tsufa.

In kuma na fito daga ɗakinta, sai in ɗauki waya in rubuta wa Abdulgafar.

"Yau na samu sule mai bishiyar kwakwa!"

"Ma sha Allah. Duba ƙasan bishiyar, wace shekara?"

"1961."

"Tawa 1959 ce. Taki ƙanwar tawa ce ke nan."

Kun ji fa. Irin hirarmu ke nan, amma sai in tsinci kaina ina murmushi keken ɗinki na tsaye. Ranar da na yi zazzaɓi ban turo komai ba, da hantsi ya rubuto, "Yau ba a samu kwabo ba, ko mai tarawar ce ba lafiya?" Na karanta ya fi sau goma.

Abu ɗaya ne ya tsaya min a rai. Wata uku, bai taɓa kirana ba. Saƙon murya ma bai taɓa turowa ba. In na turo nawa, a rubuce zai amsa. Na yi ta saƙe-saƙe. Ko matar aure ce ke wasa da hankalina? Ko tsoho ne sa'an Baba?

Mama kuwa ta sa ni gaba. Wata rana ina goge taro da ƙyalle ta tsaya a kaina, ta riƙe ƙugu.

"Hafiza, ƙanwarki Hussaina goyonta na biyu ke nan. Kamilu mai shago ya zo sau uku kina cewa kanki ke ciwo. Shi wannan na cikin wayar, mutum ne ko aljani?"

"Mama, Kamilu fa cewa ya yi in kai kuɗin nan a auna su kamar tsohon ƙarfe a ba ni roba."

"To ƙarya ya yi? Ni dai na gaya miki, in mutum ne ya zo a gan shi. Babanki ya fara tambaya."

Na ci gaba da goge tarona.

Sai maganar ta kai kunnen Yaya Shamsu. Yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya, kuma kada ku zage shi. Manomi ne na gaske, a Mabai buhu arba'in yake ɗauka na masara. Yanzu haya yake yi da babur, ga mata ga 'ya'ya biyu, kullum maganarsa ya samu gona kusa da gari. Wani fasinja ya faɗa masa wai tsohon kwabo mai huji, in ya ja reza ko ƙwayar shinkafa, akwai masu sayensa da kuɗin da zai sayi gona har da shanun huɗa. Wai akwai mai gwadawa a kasuwar Sabuwa.

Ya same ni da zancen ido na ƙyalli. Na tambayi Abdulgafar, ya rubuto, "Ba gaskiya ba ne, damfara ce. Irin waɗannan an buga su da yawa, darajarsu tarihinsu ne. Ki ba shi haƙuri."

Na nuna wa Yaya. Ya yi tsaki.

"Ke yarinya ce. Ai dole ya ce haka, so yake ya karɓe su a banza. Wa zai ɓata wata uku yana koya miki wankin ƙarfe don Allah?"

Maganar ta yi min zafi, don wani lungu na zuciyata ya ɗan yarda.

Bayan kwana huɗu, da safe na kai wa Inna koko da ƙosai. Na tarar ta ɗaga matashi tana kallon wurin. Babu komai. Ba ta yi kuka ba, ba ta tambayi kowa ba. Ta mayar da matashin a hankali, ta kwanta ta juya wa ƙofa baya.

"Inna, ga koko."

"To."

Wannan "to" ɗin, 'yan uwa, har yanzu yana kunnena. Na fito na duba zaure, babur ɗin Yaya ba ya nan, matarsa ta ce tun asuba ya fita.

Wajen ƙarfe goma ya kira. Ya ce shi ya ɗauki ƙyallen ya kai Sabuwa, mai gwadawar ya goga musu reza, ya ce biyu suna da rai amma sai an sayo wani magani mai tsada an wanke su. Da Yaya ya ce ba shi da kuɗin, a ba shi kayansa, sai mutumin ya ce wane kaya? Ai shi bai karɓi komai a hannun kowa ba.

"Hafiza, kada ki gaya wa Baba tukuna. Na shiga uku."

Nan take na nemo lambar Abdulgafar. Ban tsaya rubutu ba, na danna kira. Ta yi ta ringi har na fid da rai, sai aka ɗauka. Shiru. Ina jin numfashi.

"Malam Abdulgafar? Kana jina?"

"Sa... sa... sa..." Ya tsaya, ya ja numfashi. "Sa-salamu alaikum, Ha... Hafiza."

Sai a lokacin na gane. In'ina ce da shi, mai nauyi kuwa. Wata uku ina zargin bawan Allah, ashe abin da yake ɓoyewa ke nan. Hawayen da nake riƙewa tun safe suka zubo. Na faɗa masa komai a guje. Ya saurara har na gama, ya ce kalma biyu, su ma da ƙyar.

"Tu-turo ho... hotunan."

Na tura masa duka, gaba da baya, da shafukan littafina. Bayan minti biyu saƙo ya shigo.

"Na kama hanyar Sabuwa. Ba ni lambar Yaya. Kuma yanzu kin ji muryata. In kin fasa gaishe ni ba zan ga laifinki ba, amma bari mu fara dawo wa Inna da kayanta."

Na rubuta na goge, na rubuta na goge. Daga ƙarshe na ce, "Ka yi tafiya a hankali, hanyar ba kyau. Kuma muryarka ba ta yi min komai ba."

Wunin nan ban ɗinka ko maɓalli ba. Dole na faɗa wa Mama, ita ta faɗa wa Baba. Baba bai yi faɗa ba, ya shimfiɗa buzunsa a zaure ya zauna, kasuwa ma bai je ba. Inna ta ƙi koko, ta ƙi fura. Kun san yadda hanyoyinmu suke yanzu, in naka ya fita sai ka ga ya dawo hankalinka ke kwanciya. Ni kuwa mutum biyu nake jira.

La'asar sakaliya muka ji babura biyu sun tsaya a ƙofar gida. Na zura hijabina ruwan hoda, na laɓe bayan labulen zaure ina leƙe. Yaya ne ya fara shigowa kai a ƙasa. Bayansa wani dogo siriri, baƙi, da yadi ruwan toka da hula zanna, laka har gwiwa, da jaka a rataye. Ya cire takalmi ya durƙusa gaban Baba. Gaisuwar kaɗai ta ɗauke shi lokaci, Baba kuwa bai katse shi ba, bai ƙarasa masa ko kalma ɗaya ba.

Yaya ne ya ba da labari. Ya ce Abdulgafar bai yi hayaniya da kowa ba. Wurin sarkin kasuwa ya nufa, ya nuna hotunan da littafin, aka kira mutumin. A gaban jama'a ya riƙa faɗin kowane kwabo da shekararsa da tabon da ke jikinsa, yana sarƙewa yana sakewa, wasu na dariya, bai fasa ba. Aka zazzage jakar mutumin, sai ga ƙyallen shaddata.

"Amma Baba," Yaya ya ce, muryarsa ta karye, "babu fatakar. Abokinshi ya riga ya tafi da ita."

Baba ya rufe ido. Can ya ce, "Ku shiga ku gaya mata da kanku."

Mama ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin Inna. Na taimaka mata ta tashi zaune, na warware ƙyallen a cinyarta. Yatsunta suka bi aljifan layin sama ɗaya bayan ɗaya, har suka kai wanda babu komai, suka tsaya. Yaya ya fashe da kuka kamar ƙaramin yaro.

Abdulgafar ya buɗe jakarsa ya fito da 'yar takarda a ninke. Fataka ce a ciki, tasa, ya taho da ita don ya nuna wa sarkin kasuwa irin abin da ake nema. Ni a raina na so ya saka ta a aljihun kawai ya yi shiru. Amma ya miƙa da hannu biyu.

"I-Inna, wannan ba... ba taki ba ce. Ta-tawa ce. Taki ban sa... samo ba. Ki ya-yafe min."

Inna ta karɓa ta shafa gaba da baya.

"Na sani," ta ce. "Tawa tana da ɗan rami a gefe. Na kai wa maƙeri shi huda mani in rataya, ya ɗora ƙusa ya buga sau ɗaya, na ji kamar a jikina, na ce bar ta." Ta ɗago ta dube shi sosai. "Kai ɗan wa ne, da ba ka iya ƙarya ba?"

Ta saka fatakar a aljihun da ya rage, ta danna da babban yatsa. Sannan ta jawo kan Yaya Shamsu ta ɗora a gwiwarta.

"Yi shiru, sakarai. Gona kake so, na sani. Ni ma ita nike so." Ta juyo wajena. "Ke kuma kin tsaya kina kallon mutum, kawo mashi ruwa. Ki haɗo da furar nan tawa, yunwa nike ji."

Na kawo ruwan a kofin silba na baƙi, na durƙusa na ajiye. Ban iya ɗaga ido ba, lakar ƙafarsa kawai nake kallo. A hankali ya ce, "Na... na gode." Mama na gefe tana ƙare masa kallo tun daga hula har ƙafa, kuma na lura ta aika a kamo zakara.

Da zai fita, Baba ya tsayar da shi a zaure, ya ce magariba ta kusa, ba mai bin hanyar Faskari yanzu, a ɗakin baƙi zai kwana. Na koma bayan labulena.

"Zauna, Malam," Baba ya ce. "Ina da tambaya. Daga Faskari zuwa Sabuwa, daga Sabuwa zuwa Ƙanƙara, cikin wannan laka da wannan zamani. Duk saboda kwabo?"

Ina ganin yatsunsa suna murza bakin riga.

"A'a, Baba. Ba... ba sa-saboda kwabo ba ne."

"To saboda mi?"

Ya buɗe baki, harafin farko ya maƙale. Ya sake gwadawa, ya sake maƙalewa. Gumi ya tsattsafo masa a goshi. Baba ya gyara zama a kan buzu, ya ajiye carbinsa gefe.

"Kada ka yi sauri, ba inda za ni," ya ce. Sannan, ba tare da ya waiwayo ba, ya ɗaga murya kaɗan. "Ke kuma mai hijabi ruwan hoda, ƙafafunki sun fito ta ƙarƙashin labule. Shigo ki zauna, a faɗe ta gabanki."